Ajin Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da aiki. Ya ginin gada, ya rana, ya sauro? Direban kamfaninku ya ce gobe zai koma wajenku, shi ya sa na zauna na rubuta. Wayarka ta zama sai ka hau tudu kafin a ji muryarka, wannan magana kuwa ba ta ihu a kan tudu ba ce.

Ka san tun farkon zangon nan aka ɗora mini kula da kwas ɗin lissafin kalkulas na 'yan aji ɗaya masu karatun injiniya. Ɗaliban sun yi yawa, ba ɗakin da zai ɗauke su, don haka aka raba su rukuni-rukuni, kowanne da malaminsa. Aikina in ga ana tafiya tare: babi ɗaya a lokaci ɗaya, gwaji ɗaya, jarrabawa ɗaya a ƙarshe. Wanda ya faɗi kwas ɗin nan ya yi sallama da injiniya, sai dai ya nemi wani fannin. Rukuni na huɗu kuwa na Baba ne, tun da suka roƙe shi ya dawo koyarwa bayan ritaya.

Dokarsa tana nan yadda ka bar ta. Kullum ni nake kawo shi a mota. Daga gida zuwa ƙofar jami'a ni Auta ce, yana yi mini faɗa a kan tuƙi. Muna shiga ƙofa sai ya gyara zama ya ce, “To, Ko'odineta, yau me ke gabanmu?” Daga nan har yamma ban isa in ce Baba ba, sai Farfesa. Ya ce ba ya son a ce 'ya tana ɗaure wa ubanta gindi. Abokan aiki dariya suke yi mana, ni ma da ina taya su.

Makon jiya muka yi gwajin tsakiyar zango. Tsarinmu wajen duba takardu shi ne ba wanda yake duba ajinsa. Kowane malami tambaya ɗaya yake ɗauka ya duba ta a takardun ɗalibai gaba ɗaya, don kada a ce wancan mai sakin hannu ne, wannan mai rowar maki. Ni na ɗauki tambaya ta ƙarshe. Na gama rukuni na ɗaya, na biyu, na uku, wasu sun ci, wasu sun yi shirme irin na yara. Na buɗe ɗaurin rukuni na huɗu. Yaya, fili ne. Takarda bayan takarda, fari fat. Wanda ya yi kuskure ai ya gwada, waɗannan ko tambayar ba su kwafa ba.

Na koma na leƙa tambaya ta farko, ta babin iyaka, wanda ake fara zango da shi. Kusan dukkansu sun cinye makin, da irin tsarin Baba, har da 'yar kibiyar nan da yake ja a gefe. Daga ta biyu zuwa ƙasa babu komai.

Ga abin da ya fi damuna. Duk mako muna taro, kowane malami ya faɗi inda ya kai. Baba bai taɓa cewa yana baya ba. Kullum daidai yake da kowa, har ya yi wa matasan malamai tsiya cewa tsoho ya riga su.

Ban gaya wa kowa ba. Ɗaurin yana cikin durowata na kulle. Ina jin tsoro, Yaya, kuma ban yarda in faɗa wa kaina abin da nake tsoro ba. Ka ba direba amsa.

Na bar ka lafiya.
Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Auta, Ko'odineta mai gayya mai aiki,

Wa alaikumus salam. Gada lafiya, rana ba a magana, sauro kuwa mun zama 'yan'uwa. Ina fata kuna lafiya ke da tsohon.

Na karanta takardarki na yi dariya har leburori suka leƙo. Ke dai tun kina ƙarama ko ƙadangare ya girgiza kai sai ki ce da ke yake. Baba fa kike magana. Mutumin da na kai masa lissafina na shekarar ƙarshe, ko tabarau bai sa ba ya ɗora yatsa a kan layi ya ce, “A nan gadarka ta faɗi.” Shi ne zai kasa bin babi?

Bari in gaya miki abin da ya faru, tunda ni na zauna a benci irin nasu. Yara sun karanta abin da ya fi sauƙi, sun bar sauran, suka haɗa baki. Ba yau aka fara ba. Ko kuma tsohon ya ga tushensu ba ƙwari ya tsaya yana dandaƙa shi, kin san shi da tushe. A nan ma sai mu yi wata da watanni muna zuba kankare a ƙarƙashin ruwa, mai wucewa ya ce ba a komai.

Ki daina zama da durowa a kulle kina kaɗa wa kanki hanta. Ki tashi ki shiga ajin ki zauna a baya, aikinki ne, ba wanda zai ce don me. Gani ya kori ji. In kin dawo kin tarar ba komai, ki rubuto ki ba ni haƙuri a kan takardar da kika sa na ɓata.

Ki gaishe shi, ki ce ina nan tafe da zarar mun ɗora benen gadar na tsakiya, inda motoci za su taka.

Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Na bi shawararka, kuma da ma ban bi ba.

Na shiga ta ƙofar baya na zauna a layin ƙarshe, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Ajin cike yake, ba mai ko tari. Baba ya shigo da farar rigarsa, ya ajiye agogo a kan tebur, ya zaɓi alli mai tsawo ya karya shi biyu kamar kullum. Ya rubuta kan darasi. Babin iyaka ne, Yaya. Darasin ranar farko.

Kuma wallahi ban taɓa jin ya koyar da shi da daɗi kamar ranar ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya nufi bango, ya taka rabin tazarar ya tsaya, ya sake taka rabin abin da ya rage, yana tambaya, “Yaushe zan taɓa bangon nan?” Ka tuna, a tsakar gida ya fara yi mana shi. Na kusa mantawa da abin da ya kawo ni. Sai na dubi ɗaliban. Ba mai rubutu. Bakunansu ne suke motsi, suna faɗin maganarsa kafin ya faɗe ta. Wurin da yake ba da dariya suka yi dariya, 'yar gajeriya, irin wadda ake yi wa mara lafiya.

Da aka tashi na tare shugabar ajin a bakin matakala. Na ce, “Tun yaushe?”

Ta sunkuyar da kai. “Malama, tun da aka fara. Wani lokaci yakan shiga babi na biyu, washegari sai mu koma.”

“Ba ku da baki? Ofishina a ina yake?”

“Malama, wa za mu kai wa ƙara? An ce mahaifinki ne.” Ta ƙara da cewa, “Kuma yana kiran kowa da sunansa. Mun ji kunya.”

Sai ta tambaye ni ko gaskiya ne jarrabawa ɗaya za a yi wa kowa. Ta ce ita ce ta farko a gidansu da ta taka jami'a. Na ce mata gaskiya ne.

A taron mako na zuba wa Baba ido. Da aka zo kansa, sai na ga ya saci kallon jadawalin da na manna a bango, ya karanto babin makon da ƙarfi. Ba ƙarya yake yi ba, Yaya. Ya duba ya ga inda ya kamata a ce yake, ya ɗauka nan yake. Ni kuma ina rubuta “daidai” a gaban rukuninsa mako bayan mako, ina jin daɗi kwas ɗina yana tafiya sumul.

Shugaban sashe ya fara tambayar makin gwaji. Na ce ana haɗawa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ana haɗawa ko ana rabawa?” Ba zan iya ja masa rai da yawa ba.

A mota na gwada. Muna fita ƙofa na ce, “Baba, ya ajin naka?” Ya ce, “Yaran kirki, sababbi ne, yau muka fara.” Na rage gudu, ya dube ni ya ce in tsaya in sha ruwa.

Doka ta ba ni iko in sauya malamin rukuni idan ya kasa. Takarda ce mai layi uku, da sa hannuna. Ka san abin da ajin nan yake a wurinsa tun rasuwar Umma. Shi ne yake tashinsa da safe, shi ne yake sa shi guga. In na karɓe, ban san me zai rage ba. In na bari, yaran nan sun faɗi, kuma ba laifinsu. Gaba kura, baya sayaki. Jiya na manta inda na ajiye makulli, na tsaya a tsakiyar ɗaki ina cewa ko ni ma na fara.

Ka gaya mini abin da zan yi, kai ne babba.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina fata wannan ta same ku lafiya. Ni dai tun da direba ya miƙo mini takardarki ban ci abin kirki ba.

Yanzu nake haɗa wani abu. Zuwana na ƙarshe, muna zaune a baranda, ya tambaye ni yaushe zan gama digiri. Na ɗauka tsokana ce, na ce sai ya sa mini hannu. Ya yi dariya, na yi dariya. Amma kafin dariyar na ga ya dubi fuskata kamar mai neman amsa a jikin allo.

Ki saurare ni. Kada ki rubuta takardar nan. Zango ya wuce rabi. Ki bar shi ya ƙarasa da mutuncinsa, in aka yi hutu sai mu zaunar da shi mu biyu, mu kai shi wajen likita, mu ce ya huta haka nan. Yaran kuma ki tara su da yamma bayan ya tafi ofis, ki koya musu abin da aka bari. Ke kika tsara kwas ɗin, kin san shi kamar yunwar cikinki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A bar kaza cikin gashinta.

Na san abin da za ki ce. Ni ma ba zan yarda injiniyan da bai wuce babin farko ba ya taɓa mini ko ƙusa a gadar nan. Amma wannan ba injiniya ba ne, ubanmu ne. Ina tsoron ranar da zai karanta takarda da sa hannunki a ƙasa. Mutumin da bai taɓa zuwa aji a makare ba, a ce 'yarsa ce ta kore shi? Ba zai tashi daga wannan ba, ke ma ba za ki tashi ba.

Na nemi izini, sun ce sai an ɗora bene. Ruwa yana ƙaruwa, ba yadda zan yi in bar wurin. Ki riƙe, don Allah.

Makulli kuwa, tun kina firamare kike ɓatar da shi. Wannan ba ciwo ba ne, hali ne.

Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Ka zauna kafin ka karanta.

Na yi yadda ka ce. Na riƙa tara yaran da yamma a ɗakin da yake koyarwa. Suna da kai, suna kamawa, amma abin da aka rasa da yawa, kuma da safe sai su koma su zauna su ji darasin ranar farko, lokacin da ya kamata su yi amfani da shi. Rabinsu ma suna da aikin ɗakin gwaje-gwaje da yamma. Na lissafa ta kowace fuska, ba za mu kai ba sai na karɓi safiyar.

Ban gama yanke shawara ba abin ya yanke kansa. Ina tsakiyar rubutu a allo na ji ajin ya yi tsit. Na juya. Baba ne a bakin ƙofa, ya dawo ɗaukar agogonsa. Ya dubi allo, ya dubi yaran, ya dube ni.

“Ko'odineta, wa ya ba ki ajina?”

Na ce, “Farfesa, ƙarin darasi ne kawai.”

“Wannan babi na biyar ne. Yaran da suka fara jiya za ki ɗora wa babi na biyar? Haka ake gini a wurinku?”

Shugabar ajin ta sa fuska a tafin hannu. Sai wani yaro a tsakiya, ba da rashin kunya ba, ya ce a hankali, “Farfesa, saura kaɗan a yi jarrabawa.” Na ga maganar ta shige shi. Ya ɗauki agogon ya duba, kamar a nan zai ga watan da muke ciki. Ya fita, ƙafarsa tana ja.

Ka yafe mini, Yaya, na rubuta takardar. Na je wajen shugaban sashe na faɗa masa komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, ya ce Baba ne ya koya masa shi ma, ya ce in bari shi ya sa hannu. Na ce a'a, aikina ne. Na kai wa Baba takardar ofis da kaina. Ya karɓa a tsaye, ya karanta, ya ce, “Na gode, Ko'odineta.” Ko kallona bai yi ba.

A mota na shirya wa faɗa. Na ce muna fita ƙofa zai sauke mini kwandon masifa. Muka fita, muka wuce gidan mai. Can sai ya dafa hannuna ya ce, “Auta, matar nan ta karɓe mini aji.”

Na ɗauka gatse ne, na ce, “Baba, ka yi haƙuri.”

Ya ce, “Ke me kika yi? Ba ruwanki. Kada ma ki je ki yi mata magana ki jawo wa kanki, shugabarki ce.” Ya ci gaba da kallon titi. “Ba ta da mugun nufi, ina gani. Amma fuskarta ba walwala.”

Na dube shi ta gefen ido ina neman alamar wasa. Babu, Yaya. Dokar da ya kafa da bakinsa ce ta zauna masa. A wajen ƙofa yana da 'ya, a cikin ƙofa akwai wata mata. Ban san yadda na kai mu gida ba. Na zuba masa abinci, ya ci, yana ba ni labarin abin da aka yi masa, ni kuma ina cewa, “Allah sarki.”

Yau da safe na tarar ya yi wanka ya yi guga, amma bai sa takalmi ba. Ya miƙo mini ambulan a manne ya ce, “Ki kai wa Ko'odineta hannu da hannu. Kada ki buɗe, ba tarbiyya ba ce.” Na kai ta har ofis, na rufe ƙofa, na zauna a kujerar matar, sannan na buɗe. Ga ta nan na haɗo maka, ni ba zan iya sake karanta ta ba.

Yaran sun fara zuwa da safe wurina. Ina jin za su kai. In bene ya hau, ka taho, kada ka tsaya ko wanke hannu. Ka zo tun yana da ɗa guda ɗaya, kafin kai ma ya raba ka biyu.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Mai Kula da Kwas ɗin Kalkulas,

Malama, bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da ke cewa takardarki ta same ni.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Daga baya na zauna na yi tunani, sai na tuna wani abu da na daɗe ina gani ban ba shi ma'ana ba: bakunan yaran suna riga ni. Malami ya san abin da wannan yake nufi. Hukuncinki daidai ne. Da ni ne a kujerarki, da haka zan yi, wataƙila ma da wuri. Ki kula da su, suna da tushe.

Roƙona ɗaya ne. Ina da 'ya a sashenku, ita ce take kawo ni a mota. Ta san an karɓi ajin, amma ba ta san dalili ba, kuma ba na so ta sani. Tun tana ƙarama matsoraciya ce, kuma a ganinta babu lissafin da ya fi ƙarfin ubanta. Idan ta tambaye ki, ki ce mata sauyin tsari ne. Ni zan ji da sauran a gida.

In da hali ki riƙa jan ta a jiki. Tana da ƙoƙari ƙwarai, sai dai ban cika faɗa mata ba.

Ki huta lafiya.
Naki cikin girmamawa,
Malamin rukuni na huɗu